Ƙulli na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina dama koko a Aboabo,
gefen kwatar da ta ratsa ta bayan masallaci,
ban taɓa riƙe biro ba.
Lissafina a bakin zane yake, ƙulli uku:
na uwar kuɗi, wanda ko gobara ba ta kwance shi,
na cefane,
da na ranar da ba a kiran sunanta.

Sai ga Sahadatu, jikata, ta dawo daga makaranta
da wasa a cikin waya.
An ba ta sidi ɗari biyu na ƙarya,
da rumfar ƙarya a wata Kejetiya ta ƙarya,
da wata murya marar gari, marar dangi,
wai ita basirar na'ura,
mai tambaya kamar ɗan karɓar haraji.

Ran farko ta sayi takalmi da cinikin safe.
Kafin la'asar ɗin wasan ruwa ya kece,
rumfa ta yi yoyo, babu kuɗin gyara.
Ta karye.
Washegari ta ba ƙawaye bashi. Ta sake karyewa.
Na ce, ashe har cikin waya talauci ya san hanya.
Ta ce, Kaka, a nan in an faɗi, tashi ake a sake.
Na yi shiru.
Ni da na faɗi, shekarar da buhun gero ya ninka,
'yan kunnena na kai kasuwa,
har yau ba su san hanyar gida ba.

Muryar ba ta zagi, wannan kam na shaida.
Sai dai: Me kika ware wa damina?
Wannan so ne ko buƙata?
In kin saya yau, me za ki ci ran Laraba?

Wata Asabar yarinyar ta tsuguna gindin tukunya
tana ƙirge tana shigarwa:
gero, gawayi, citta, kanumfari, leda, sukari.
Na'ura ta ce tun da sukari ya tashi
kowane kofi na goma kyauta nake ba da shi ban sani ba.
Ta ce bashin Mutala, yaron motar Tafo,
ya kai sidi tamanin da huɗu.
Tamanin da huɗu!
Ni ina ganin bai wuce talatin ba.
Ƙulli yana riƙe kuɗi, ba ya riƙe suna.

Sannan ta ce akwai wani yoyo kuma:
kofi biyu da ƙosai uku kowace asuba,
suna fita, ba abin da ke shigowa.
A toshe.

Na san yoyon nan.
Sunanta Azara, 'yar dako ce daga arewa,
a barandar shago take kwana, ta yi matashi da tasarta,
da goyo mai tari.
Na ce, gaya wa ƙawarki ta cikin waya,
rijiyar da aka hana guga ita ke fara wari.

Sahadatu ta daɗe tana kallon gilashin.
Ba ta toshe ba.
Ta buɗe sabon layi ƙarƙashin na gawayi,
ta rubuta: na Azara.
Muryar ba ta yi musu ba,
ta ce, nawa a wata? To, daga ina za a cire?
Aka duba sama, aka duba ƙasa,
aka cire daga kuɗin gorona.
Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Da dare na jawo bakin zane,
na ɗaura ƙulli na huɗu.
Gobe kofi zai hau da fesuwa hamsin,
masu tsaki su yi tsakinsu.
Mutala kuwa, in ya tsaya da wannan murmushin nasa
yana cewa Hajiya, sai wata ya ƙare,
ba ni zan amsa masa ba.
Sahadatu ce za ta fito,
waya a hannu,
ba ta ko wanke fuska ba.