Mai Gyaran Agogo na Domayo

A Marwa nake, daf da gadar Kaliyawo,
kogin da ke zama rairayi wata tara
har yara su kafa gola a tsakiyarsa.
Rumfata taku uku ce: tebur, hantsaki,
da agogo arba'in, kowanne da irin ƙaryarsa.

Mu ake kira 'yan kurmi.
Da kurmin ya ƙare muka shigo gari,
gida goma sha bakwai, da iri ƙulle a tsumma.
Kunnenmu dogo ne, mai tsini kamar ganyen gero.
Na saba cusa nawa cikin hula
tun ba a haifi mai ɗinka hular ba.

Hamajoda mai shayi yana ce mini yaro.
Ni na tsamo kakansa daga ambaliya
yana ɗan shekara bakwai, yana kukan takalminsa.
Falmata mai banda, 'yar Kusiri,
kullum sai ta yi mini gyara,
wai na cika rama, iska za ta ɗauke ni.

Ranar yin katin shaida ma'aikaci ya ce,
shekarar haihuwa?
Na ce, shekarar da giwa ta karye a gindin Makabai.
Ya sauke tabarau, ya ƙare mini kallo,
ya rubuta arba'in da biyar, ya karɓi sefa dubu.
Ban taɓa sayen ƙuruciya da arha haka ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
muna jin maganar itace.
Tsamiya mita gare ta. Kuka labarinta ɗaya ne.
Darbejiyar da ke yi wa rumfata inuwa
baƙuwa ce irina,
cikin gwangwani aka kawo ta daga nesa,
har yau harshenta bai gama warwarewa ba.
Da la'asar mukan taɓa hira,
ta tambaye ni sunayen tsuntsayen nan,
ni kuma in tambaye ta ruwan ƙasarsu.

Sai ga masu faɗaɗa titi.
Suka shafa mata jan fenti a ƙugu.
Ta ce mini, ado ne?
Na sunkuya kan wani agogo da ba abin da ya same shi.

Ranar Talata injin ya zo.
Kafin azahar rana ta shigo rumfata
ta zauna kan tebur kamar mai bin bashi.
'Yata Ilyela, shekararta casa'in kacal,
ba ta san haƙuri ba tukuna,
ta fito kai ba ɗankwali, kunnuwa a waje,
tana kuka a kan kututture.
Na tashi in rufe ta.

Falmata ta riga ni. Tabarma ta shimfiɗa.
Hamajoda ya jawo murhu da buta.
Madi Gana mai kanwa ya rufe shago,
Kwada birkila ya sauko daga gini da siminti a gashi,
suka zauna, suna cewa sannu da rashi.

Na ce, kun sani?
Falmata ta ce, tun ina goye.
Innata ta ce kada a tambaye ka,
mutum ne mai kunya.

Kwana uku aka yi ana zaman.
Ran na huɗu na buɗe rumfa ba hula.
Iska ta taɓa kunnena, na ji garin duka:
babura, kiran salla, guduma a maƙera,
da wani ɗan tsiro cikin gwangwanin madara
da jikar Hamajoda ta ajiye mini a ƙofa,
yana tambaya da tsamin baki,
nan ina ne?