Ɗan Gidan Wa?

A ƙasan ofishin tashar ruwa ta Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe ba gaggawa,
akwai kwamfuta a ƙarƙashin tebur
mai ƙidayar hawan ruwa da janyewarsa.
Don Eleuterio ne ya kafa ta.
Ya rasu a watan Yuni, bai bar bayani ba,
sai kofin shayi mai tabo a gindi
da 'yar takarda manne: Kada a kashe.

Rayén ta durƙusa, ta goge allo da hannun riga.
A jikin akwatin ga tambarin Ubuntu,
amma ta san riga ba ta faɗin asalin mai ita,
ta sha ganin ta aro.

Ta buga uname -r.
Lambobi suka fito: huɗu, ɗigo, tara.
Ta ce, wannan shekarun zuciyarka ne,
zuciya ɗaya kuwa tana bugu a gidaje ɗari.
Gidanku nake tambaya.

Ta buga lsb_release -a.
Aka ce ba a san umarnin ba.
Sallama ke nan a ƙofar da ba kowa.

A waje sarƙar anga na gurnani,
tsuntsayen teku na rigima a kan kan kifi,
tsohon keken ƙarfe na jan mutane zuwa tudu
yana tari.

Sai ta buɗe takardar haihuwa:
cat /etc/os-release.
Allo ya yi ƙifta ɗaya.
Debian. Na tara.

Ashe dattijo ne,
wanda danginsa suka daina aiko wa faci tuntuni,
ƙofofinsa sun saki, shi bai sani ba,
yana nan dai yana ƙirga ruwa.

Ta ɓamɓaro 'yar takardar don ta rubuta a bayanta,
sai ta tarar an riga ta,
da rubutun da ke rawa:
Debian tara ne. Na san ya tsufa.
Ni ma haka.

Ta daɗe a tsugune.
Gobe za ta kwashe bayanansa, ta yi masa sabon gida.
Yau kam ta mayar da takardar, ta danne da babban yatsa.
Ruwa zai hau ƙarfe huɗu da kwata,
kuma dole wani ya rubuta.