Gurbi na Goma Sha Uku

An aiko ni wani tudu a Valparaíso
da igiyar awo, da na'urar hoto,
da takarda mai gurbi goma sha biyu.
Aikina in kasa gidaje kashi uku:
na adanawa, na gyarawa,
da waɗanda ba a cewa komai a kansu,
kowa kuwa ya san ma'anar wannan shirun.

Kwana tara ina hawa ina sauka.
Na ƙirga tagogi, na ƙwanƙwasa katako
in ji ko gara ta riga ni.
Kwanon da aka lulluɓe bangaye da shi
gishirin teku ya lasa, ya bar tsatsa
kamar lalle a tafin tsohuwa.
Na rubuta: shekara ɗari da ɗoriya, daraja ta ɗaya.
Har na ji daɗin kaina.

Ranar Asabar aka kira taron unguwa
a ɗakin ƙungiyar 'yan ƙwallo.
Kujerun roba, shayi a kofin takarda.
Na shimfiɗa taswira, na ce kowa ya nuna
abin da ba ya so ya ɓace.
Na zaci gidan nan mai baranda za su taɓa.

Remigio, wanda dakon tashar jiragen ruwa ya cinye ƙarfinsa,
ya ɗora yatsa inda babu gini.
Ya ce, "Matakala ta sittin da huɗu.
Ta fi 'yan'uwanta faɗi da taƙi guda.
Nan mai kaya ke saukewa ya huta,
nan masu ɗaukar akwatin gawa ke sauya kafaɗa.
Nan na fara yi wa matata magana,
don hawa ya cinye numfashinta, ba halin gudu."
Aka yi dariya, sannan aka yi tsit.
Shekara shida ke nan da aka sauya kafaɗa da ita a wurin.

Wata ta nuna famfon da bai ɗauke ba
daren da gobara ta gangaro daga sama.
Wani yaro ya nuna bangon da ke maido ƙwallo daidai ƙafa.
Mai burodi bai nuna komai ba,
ya ce a rubuta ƙarfe biyar na asuba,
sa'ad da iska ke kai ƙamshi har layi na uku.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu inda ake sa ƙamshi.

Sai Fresia ta miƙe. Ita ce a gidan mai barandar,
haya, shekara talatin da takwas.
Ta ce, "'Yar nan, nawa kika ba gidana?"
Na ce, "Ta ɗaya," ina jiran godiya.
Ta ce, "Rage mini.
Tudun can ma ta ɗaya aka ba su.
Aka shafa fenti, aka kafa allon tagulla.
Yau baƙi ke kwana a ɗakin ƙanwata,
dare guda, kuɗin hayar wata.
Ita tana can bayan gari inda ba a hango teku.
Kun iya adana ƙwarya
ku zubar da nonon."

Ban amsa ba.
Mai zuwa da ma'auni ba ya zaton za a auna shi.

Da dare na tasa rahoton a gaba.
In na rage, na yi ƙarya,
irin ƙaryar da katafila ke jira.
In na bari, na faɗi gaskiyar da za ta ɗaure wa tsohuwa kaya.
Na bar ta ɗaya.
Sannan na juya takardar, bayanta fari fat,
na ja gurbi na goma sha uku da hannuna,
layin ma ya karkace.
Na rubuta: Fresia Oyarzún, ɗakin sama, a bar ta a ciki.
Na ƙara da matakala, da famfo, da ƙarfe biyar.
Ban sani ba ko a ofishinmu ana juya takarda.

Da safe na ɗauki jaka na kama gangara.
A ta sittin da huɗu ƙafata ta tsaya,
ba ni na ce mata ba.