Tsakanin Alfadari da Tukunya

Matakala goma sha huɗu muka sauka
zuwa ɗakin ajiyar kotun Eutaw,
inda takarda ke warin rumbun da damina ta shiga.
Misis Pruitt ta miƙo mana farar safar hannu,
ta ce a juya shafi a hankali,
wasu sun fi busasshen ganyen kuka saurin murmushewa.

Odessa, surukata, mai shekara saba'in da tara,
ta zo da sunaye huɗu a bayan takardar kuɗin wuta.
Na biyar take nema.
Shafa'atu, 'yata, jikarta, ita ke riƙe da fensir.
Ni direba ne kawai, haka na ɗauka.

Ƙidayar dubu ɗaya da ɗari takwas da saba'in ta ba mu Silas:
manomi, bai iya karatu ba, shekarunsa kamar talatin.
Daga nan sai bango.
"In baya kuke so," in ji Pruitt, idonta a kan takalminta,
"sai dai littafin gado."

Wani Elias Tolbert ya mutu da kaka,
aka zo aka ƙirga abin da ya bari.
Rubutun kyakkyawa ne, wallahi,
mai shi sai da ya zauna ya gyara alƙalami.
Gadaje biyu na katako. Agogon bango.
Auduga ɗauri sha ɗaya. Alfadari mai ɗingishi.
Dicey, mace, da ɗanta Silas, dala ɗari bakwai.
Tukunyar ƙarfe, babba.

Odessa ba ta yi kuka ba.
Ta zare safar, abin da aka hana,
ta ɗora yatsa a kan sunan
kamar mai taɓa goshin yaro ta ji ko zazzaɓi ya sauka.
Pruitt ta gani.
Ta juya ta hau gyaran akwatin da ba ya bukatar gyara.

A mota Shafa'atu ta juya ɗaya gefen takardar:
"Baba, saura naka."
Na gyara zama, an zo fagena.
Mu a baki muke ajiya, ba a ƙasan bene ba.
Ni ɗan Sambo ne, ɗan Mati, ɗan Jatau marini,
ɗan Bagudu da ya yi fataucin goro har Gwanja.
Gwaggo Kande ce ta zuba min su a kunne
tana ɓarar gyaɗa a Ringim:
ya dawo da jakai arba'in, ya sari daji, ya kafa rinji.

Na tsaya.

"Mene ne rinji?" in ji ta, fensir a sama.

Shekara hamsin kalmar nan tana bakina,
tsakuwa ce cikin shinkafa da haƙori bai taɓa samu ba sai yau.
Bagudu bai riƙe fartanya ba.
Akwai waɗanda suka riƙe.
Gwaggo ta san launin dokinsa,
ta san rijiyar da aka haƙa da sunansa,
amma mutanen rinji, mutanen rinji ne kawai.
Ko mai kyakkyawan rubutu ba su samu ba,
ko layi ɗaya tsakanin alfadari da tukunya.

Na faɗa mata.
Da Hausa tukuna, don in ji da kunnena,
sannan da Turanci, don Odessa.

Muka wuce tafkunan kiwon tarwaɗa,
da wani coci fari da rufinsa ya lotsa.
Babu mai magana sai tayar mota.

Can tsohuwar ta ce, ba ta ko juyo ba,
"Ki bar musu wuri, yarinya."

Shafa'atu ta ja layi a gefen Bagudu, ta bar shi fari.
Ta ja wani.
Ta ce su nawa ne.
Na ce ban sani ba.
Ta ci gaba da ja, motar tana karkatar mata da hannu,
har fitilun Tuscaloosa suka fara fitowa.