Taku Bakwai

A Busan, bayan kasuwar kifi,
inda iska ke da ɗanɗanon gishiri,
Seung-jae na sayar da allunan talabijin,
jere a bango, duk suna nuna teku guda.

Tsohuwa Bok-rye ta shigo, lema a hammata,
ta kwance ƙullin bakin gyale:
'yar tsohuwar waya, lambobinta sun goge.
"Mijina na ciki. Shekara sha tara da ruwa ya ci shi.
Gobe ranar tunawa da shi ce.
Sa min shi a wancan babban,
jikoki su gan shi da girmansa."

Ya jona. Sai ga mutum ya cika bango,
amma fuska ta koma bulo-bulo,
ido dunƙulen toka,
murmushi ya kakkarye kamar matakalar bene.

"Allonka ba shi da lafiya," in ji ta.

"Ƙalau yake, Kaka.
Ɗigo miliyan takwas ne a jikinsa,
kowanne bai kai ƙwayar yashi ba.
Hoton ne ya zo da guzuri kaɗan:
ɗari shida da arba'in a kwance,
ɗari huɗu da tamanin a tsaye.
A tafin hannu sun matsu, ido bai iya raba su.
A nan kuwa kowane ɗigo ya baje,
ya kwanta a gurbin ashirin da 'yan kai.
Abin da wayar ba ta kama ba ran nan,
allo ba zai haifa ba."

Ta yi shiru.
Shekara arba'in tana ɗinkin raga a bakin gaɓa,
yatsunta sun san lissafin.
"Raga mai manyan idanu ce ke nan.
Ta riƙe babban kifi,
ƙanana sun zurare:
tabon haɓarsa, furfurar gira,
haƙorin da ya guntule."

"Akwai na'ura mai cike giɓi," ya ce,
"ta yi masa gira, ta yi masa haɓa, ya fito tar."

"Girar wa?
Kada a ara masa fuskar wani."

Ta karɓi wayarta? A'a, ta mance ta a kan tebur.
Ta nufi ƙofa, sandar lema na ƙwanƙwasa daɓe,
ɗaya, biyu, har bakwai,
sannan ta waiwayo.

Bulo ya narke cikin bulo.
Matakalar ta lanƙwashe ta koma leɓe.
Ga shi tsaye a kan jirgi, rana a goshi,
yana shirin faɗin wani abin dariya.
Nesa ta ɗinke abin da kusa ya farke.

Ta daɗe a bakin ƙofa,
ruwan sama na jiƙa mata dunduniya.

Sai ta dawo tana ƙirga taku.
"Ɗakina taku uku ne daga bango zuwa bango.
Sauko min da ƙaramin can.
Kuma ka rage kuɗi, ƙura ta hau shi."