Akwatin Baba Jatau

A ɗakin Baba Jatau, can Hayin Dogo,
akwai akwatin katako mai aljihu tara.
Bayan sadakar bakwai muka buɗe shi,
ni da Lantana,
ɗan gwangwan na zaure da sikelinsa.

Duwatsu ne, kowanne kwance kan auduga
cikin kwalin ashana.
Wani kore shar kamar lawashi,
wani shuɗi, sai ka ce daga marina aka tsamo shi,
ɗaya ja mai rassa, tagulla zalla,
kamar saiwar da aka tumɓuke jiya.

Ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda
da rubutunsa mai karkata hagu:
"Barau direba ya kawo daga Zambiya
cikin safa. Ya ƙi karɓar ko sisi."
"Musaya da Okon na sashenmu.
Biyu na ba shi. Ya cuce ni."
"Wani yaro mai haƙa a Rishi.
Ban tambayi sunansa ba. Allah ya yafe mini."

Shekara talatin yana wankin kwalabe
a ɗakin gwajin jami'a,
albashi na ƙarewa wata bai raba ba.
Inna takan ce, "Malam, dutse dai ba ya tuƙuwa."
Shi kuwa sai ya hura wa koren iska,
ya goge da bakin riga.

Ɗan gwangwan ya jinjina jan a tafinsa.
"Wannan kaɗai ke da kuɗi,
sauran tsakuwa ce."

Lantana ta dube ni.
Na karɓe, na mayar kan audugarsa.
Takardar yaron Rishi na sake ɗauka:
a ƙasanta Baba ya ja layi,
ya bar gurbin suna.