Minti Na Goma Sha Ɗaya

Mu uku muka shiga ɗakin nan na Yaba,
ba takarda, ba alkawari.
Folahan ya lashi bakin saksafonsa,
Ebiye ta rungumi jibgegen gogen da ya fi ta tsawo,
ni na zauna bayan ganguna,
gumin danfo bai bushe mini a baya ba.
Mai ɗaukar sauti ya ce, me za ku kaɗa?
Muka ce, in mun ji, ka ji.

Ruwa na dukan kwano.
Folahan ya fara da wani kuka
irin na ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.
Ebiye ta ƙi bin sa. Na ƙi bin kowa.
Haka muka yi ta tafiya,
mutum uku a laima ɗaya,
kowa na ja, kowa na jiƙewa.

Bayan wata huɗu faifan ya fito,
masu alƙalami suka wasa wuƙa.

Na farko, a jaridar Lahadi,
ya ce Oshodi ce da ƙarfe shida na yamma
aka ɗura a kwalba aka sa mata farashi.
Ya ce duk wanda ya saya
ya biya wa kansa ciwon kai.
Ban ji haushi ba.
Oshodi ma kiɗa ce
ga wanda ya taɓa ratsa ta da ƙafa.

Ta biyu daga ƙetaren teku ta rubuto.
Taurari huɗu da rabi ta ba mu,
ban san inda ɗaya rabin ya faɗi ba.
Ta ce a hannuna ta ji hamada,
ta ji takun raƙuma da kaɗaicin rairayi.
Ni da aka binne wa cibiya a Agege,
bayan layin dogo!
Rairayin da na sani na masu buga bulo ne,
raƙumi kuwa, a littafin aji biyu muka gaisa.

Amma duk sun yi karo a wuri guda:
minti na goma sha ɗaya,
inda komai ya ɗauke har daƙiƙa arba'in.
Mai zagi ya ce nan kaɗai ya huta.
Mai yabo ta ce shirun nan rijiya ce,
addu'a ce, makokin wata nahiya ne.
Wani ɗalibi a Akoka, in ji Ebiye,
ya cika shafi tara a kansa.

To, ga abin da ya faru: wuta aka ɗauke.
Na'urar na kan batir, ita ba ta sani ba.
Duhu ya rufe mu ruf.
Sandata ɗaya ta suɓuce, ina lalube da yatsan ƙafa,
Ebiye na danne dariya da wuyan riga,
Folahan na jiran wani ya fara.
In ka ƙure murya sosai
za ka ji maigadi can waje
yana lallashin janareta kamar jinjiri.

Ranar Juma'a na kai wa Inna.
Ba ta san jaz ba, ba ta kuma tambaya ba.
Nawa faifan na juyawa,
ita tana tsintar shinkafa a nata.
Ta ce, nan faɗa kuke yi.
Can ta ce, yarinyar nan ta fi ku haƙuri.
Da shirun ya zo
sai ta ɗaga kai ta dubi ƙwan lantarki,
ta ce, sun ɗauke ke nan.

Sannan sandata ta komo kan fata,
a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da tsakar dare,
gogen ya amsa daga ciki,
saksafon ya sauke numfashi.
Hannunta ya tsaya a cikin shinkafa.
Ta ce, yauwa.
Sai da kuka daina ganin juna
kuka fara ji.

Ta watsar da tsakuwa uku a tsakar gida,
ta ce in rage murya,
an kusa kiran la'asar.